Tsoho Jatau Maƙeri da Tarin Motarmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne mu, kuma kiran da ya iso gare ka yana tafe gare mu.

Ranar Talata, 14 ga watan Agusta na shekarar 1962, cikin watan Mauludi, Allah ya karɓi ran Malam Jatau Maƙeri a gidansa da ke Gangara, bayan ciwon ƙirji da ya sha tun bazara. Ya cika bayan Azahar, aka sallace shi bayan La'asar, aka kai shi makwancinsa ana yayyafi. Wani mai keke ne ya kawo mana labarin a Gazawa. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji ya yi sallama da maigidana a zaure, daga nan ban ƙara jin maganar kowa ba. Shirun ne ya gaya mini.

Direbobi Baba Jatau suke ce maka. Ni Tsoho nake ce maka, domin kai ƙanin kakana ne na wajen uwa, kuma da wasan jika da kaka na tashi a gabanka. Kai kuma "amaryata" kake kirana, har bayan an kai ni ɗakin miji ba ka daina ba. Maigidana, wanda mutanen tasha ke kira Ɗantala, a bakinka bai taɓa wuce "ɓarawon nan da ya sace mini mata" ba. Yau ma Tsoho zan ce maka, don ban san yadda zan yi maka magana da wani suna ba.

A Tibiri aka haife ka, a gidan maƙera da suka gaji hauya da lauje da gatari tun kaka da kakanni. Ka ba ni labarin cewa kana saurayi aka kwashe ku aikin hanya na dole, wata mota ta karye kusa da inda kuke zuba ƙasa, ka hura wuta a gefen hanya ka ƙera mata ƙarfen da ya karye. Daga nan aka ɗauke ka zuwa garejin wani kamfanin gyaɗa a Maraɗi, inda ka yi shekaru kana kwanciya ƙarƙashin motoci. Da ka gaji da zaman birni sai ka kafa gida da gona a Gangara, garin matarka Iya Tani, ka kafa rumfa a bakin tashar Gazawa, inda motocin da ke ƙetarawa Katsina suke tsayawa. A bayan rumfar kake kwana, ranar Alhamis ka koma gida bisa jakinka.

Mutane sun sha yi maka dariya a kan jakin nan: mai gyaran mota wanda ba ya shiga mota. Kai kuwa amsarka ɗaya ce kullum, cewa shi jaki tun da Allah ya yi shi ta baya yake fitar da hayaƙinsa, bai taɓa kuskure ya busa wa mai shi a fuska ba.

Ba ka da sauƙi, wannan ba sai an ɓoye ba. Ba a sa ka sauri. Direba zai zo yana haki, fasinja cike a mota, ka dube shi sama da ƙasa, ka ɓare goronka ka cinye tukuna. Amma idan damina ta gabato sai ka ture aikin mota gefe ka zauna kan hauyoyi, kuma matan da mazansu suka rasu suna kawo nasu su tafi da su a gyare, ba ka taɓa miƙa musu hannu ba. Na gani da idona, ba labari aka ba ni ba.

Ni kuwa abin da ka yi mini tun ina yarinya ba zan manta ba. Shekara uku na yi a lakol, wato makarantar boko, aka fitar da ni, amma na fito da son karatu. Kai da ba ka karanta boko, kai ne ka lura. Idan direbobin Katsina suka ce za su kawo maka tsarabar goro, sai ka ce su kawo maka ƴan littattafan labarin nan na Hausa da ake sayarwa a can. Ka naɗe su a tsumma don kada baƙin mai ya taɓa su, ka aiko mini. Ladanka shi ne in zo rumfa in ba ka labarin kana aiki. Ba ka taɓa barin labari ya wuce lafiya ba. In na ce saurayin ya yi tafiyar wata da watanni cikin daji yana neman yarinyar, sai ka ajiye masaba ka ce, "To, mi yake ci a hanya? Wa ke ɗinke mai takalmi?" In na ce ba a faɗa ba, sai ka ce to marubucin bai taɓa fita gida ba.

A shekarar da aka ba mu mulkin kai aka ɗaura mini aure, kuma a shekarar ce maigidana ya samu mota. Ƴar motar kaya ce mai tampol a baya, ta wani Baturen kamfanin gyaɗa da zai koma ƙasarsu. Ka zagaye ta sau ɗaya ka ce ta girme ni. Da ita yake ɗaukar mutane da kaya tsakanin Gazawa da Gangara da ƙauyukan da ke kewaye, ranar kasuwa har Maraɗi.

Motar tana da murya. In an tayar da ita sai ta riƙa tat-tat-tat kamar mai tari, in ta kama yashi ko hawa sai tarin ya ƙaru. Mutanen ƙauyuka suka sa mata Mai Tari. Tun tana nesa suke jin ta, mata su ɗaure kayansu, masu kaji su kama kajinsu, kafin ta iso kowa yana bakin hanya. Maigidana yana alfahari da wannan, ya ce sauran direbobi sai sun aika a yi shela, shi motarsa ke yi wa kanta. Ni ma ina son muryar. Da yamma in na ji ta daga wajen rijiyar gabas, sai in rufe littafina in ɗora ruwan wanka. A raina ji nake kamar ni ce matar nan ta cikin labari da ke gane isowar mijinta tun bai shigo gari ba.

Kai kaɗai ne ba ka son ta. Ka gaya masa tun farko cewa gaskit ne ya ci wuta, wato ɗan faifan nan da ke zama tsakanin bakin inji da bututun salansa, wanda ke hana hayaƙi fita ta mahaɗa. Ka ce ya kawo ta ka canza. Ya ce to, bai kawo ba. Yakan liƙe wurin da yumɓu da kashin jaki kamar yadda wasu direbobi ke yi, ya yi kwana biyu, in ta shiga ruwa ya zube.

Da damina ta zauna sai ya fara dawowa da ciwon kai. Ya ƙi tuwo, ya yi amai, ya kwanta kamar wanda aka yi wa duka. Ya ce barci ne ke fizgarsa a hanya, kuma kullum a wuri ɗaya yake kama shi, a hawan yashin nan da ke gindin babbar tsamiya tsakaninmu da Gangara. Tsamiyar nan kowa ya san abin da ake faɗa a kanta. Inna, mahaifiyarsa, ba ta yi wata-wata ba ta ce mutanen ɓoye ne, yana wucewa da ƙarar motarsa yana tayar musu da ƴaƴa. Ni ma haka na ɗauka, har na kai ga tunanin ko aljana ce ta gan shi ta so shi, don na karanta irin haka. Aka karɓo rubutu, aka samo turare. Kowace yamma sai a lulluɓe shi da bargo a kan kaskon hayaƙi, ya fito yana tari, idanu jawur.

Wata ranar kasuwar Gangara ana ruwa, ya rufe gilashin mota ruf, ya kama hawan tsamiya. Mutanen da ke baya suka ga motar ta bar hanya a hankali ta shiga gonar gero, tana tattaka shuka har ta tsaya da kanta. Mai gonar, wani Bafillace mai suna Jaye da ya daɗe da zama a wurin, shi ya sheƙo ya ɓalle ƙofa ya jawo shi waje. Ya ce ya same shi ya kife kan sitiyari, bai san inda yake ba. Ya shimfiɗe shi a ƙasa ruwa na dukansa har ya buɗe ido. A bayan jaki aka kawo mana shi, mutum biyu na riƙe da shi.

Washegari ka zo dubiya. Ka zauna a bakin tabarma, ba ka yi wasan da ka saba ba. Ka ce a kawo maka rigar da ya sa jiya. Ka sunsuna ta a wuya da kafaɗa, ka miƙo mini ka ce in sunsuna. Sannan ka tambaye shi ko mutanen baya suna ciwon kai. Ya ce a'a. Ka ce wanda ya zauna gaba tare da shi fa? Ya yi tunani ya ce wani mai fatu ya taɓa yin amai a hanyar Maraɗi. Ka ce ranar Juma'a da ba ya fita, yaya yake kwana? Ni na amsa, na ce garau.

Ba ka yi musu da Inna ba. Ka ce mata, "Indo, a ci gaba da rubutun, ba ya ɓaci. Kaskon ne dai za a ɗaga, yaron ya sha hayaƙi ya ƙoshi. Ki ba ni motar kwana biyu, in bai warke ba ni da kaina zan kai wa tsamiya gaisuwa."

Aka ɗauko motar daga gonar Jaye zuwa ƙofar gidanmu, da safe ka zo da kayan aikinka a buhu. Ka ce in kawo maka ɗan guntun auduga daga wadda nake kaɗi da ita, ka ɗaura shi a kan karan dawa. Ka sa aka tayar da injin yana da sanyi, ka buɗe murfinsa, ka kira ni da Inna mu matso. Ka nuna mana kunkunniya baƙa ƙirin da ta taru a gefen mahaɗar. Sannan ka kai audugar wurin. Ka ce iskar fanka za ta kwantar da ita gefe ɗaya, wannan ba komai ba ne, abin dubawa shi ne tsalle. Sai ga audugar nan tana tsalle, tana bin tarin motar daidai da daidai. Ka ɗaga tabarmar da ke ƙarƙashin ƙafar direba, ga ƙasan motar tsatsa ta huda shi, har ana hango yashi. Ka ce ta nan yake shiga. A hawan tsamiya mota tana nishi a ƙaramar giya, hayaƙin ya ninka, gilashi kuma a rufe saboda ruwa. Ka ce mugun cikinsa ma ba shi da wari, shi ne ke sa barci, kuma wanda ya yi barcin nan ba kowa ke tashi ba.

Na zauna a inuwar zaure na kalli aikin daga farko har ƙarshe, kuma zan faɗe shi a nan yadda na gani, don shi ne abin da ka fi so a riƙe. Ka bar injin ya huce sarai, ka ce ba a taɓa ƙarfe mai zafi da sifana. Ka jiƙa notocin da kananzir ka bar su suka sha har rana ta take, kana cin goro. Da ka zo kwancewa ba ka yi da ƙarfi ba. Ka ɗan juya, ka mayar, ka ƙara kananzir, ka ɗan juya, don in ƙusar ta karye a cikin inji aikin yini ya zama na mako. Tsohon gaskit ya fito a ƙone, gefe ɗaya ya cinye. Ka kankare fuskokin biyu har suka yi fes, ka bi su da magagari, ka ɗora bakin wuƙa a kai kana duban ko haske zai wuce ta ƙarƙashi.

Sabon kuwa da hannunka ka yi shi. Ka ɗora fallen jan ƙarfe a bakin bututun, kana bubbuga shi da ƴar guduma a hankali har siffar ramukan ta fito, ka huda da kurfi, ƙarfen huji na maƙera, ka gyara da almakashi. Ka yi falle biyu, ka sa a tsakaninsu wani abu fari-fari mai kama da tsumma wanda wuta ba ta ci. Kafin nan sai da ka gasa jan ƙarfen a garwashi ya yi ja, ka tsoma shi a ruwa. Ka ce haka ne yake yin laushi ya kwanta ya cike kowane ɗan gurbi. Wajen ɗaurewa ka fara daga tsakiya kana fita gefe, wannan kaɗan, wancan kaɗan, ka zagayo ka ƙara, ba ka taɓa ƙarasa noti ɗaya ka bar ƴan uwansa a sake ba. Ka shiga ƙarƙashin motar ka cire wayar da aka ɗaure salansa da ita, ka ƙera mata maratayi na ƙarfe, ka ce nauyin bututun da ke lilo a hanyar yashi shi ke karya gaskit tun kwanansa bai ƙare ba. Ka toshe ramukan ƙasan mota da falle. Washegari, bayan ta yi zafi ta huce, ka dawo ka ƙara ɗaure notocin.

Tsohon gaskit ɗin kuwa ka sa almakashi ka raba shi biyu. Haka kake yi wa kowanne, kana jefa su cikin wani kwando a rumfarka. Wani direba, Iro, ya taɓa yin faɗa da kai a kan haka, ya ce nasa ne, da sauran ƙarfinsa, zai ajiye don wata rana. Ka ce masa gaskit sau ɗaya yake kwanciya, wanda ya tashi ba ya komawa, kuma in ka bar shi ɗungum wani zai tsince shi ya sa wa motar da ke ɗauke da ƴaƴan mutane.

Aka tayar da mota, sai ta yi wani irin sanyin murya da ban taɓa ji ba. Audugar ta kwanta gefe ɗaya ta yi lamo. Maigidana ya tsaya yana kallon motar kamar an canza masa ita, ya ce, "Baba, ka kashe mini kasuwa. Yanzu wa zai ji zuwana?"

Ka ce, "Gara su jira ka su ga ka zo, da su ji ka ka wuce cikin geron Jaye."

Amma ba ka bar shi haka ba. Bayan ƴan kwanaki ka kawo masa wata tsohuwar odar hannu da robarta ta fashe, ka ɗinka mata fatar akuya irin ta zugazugi. Kukanta kamar na jaki mai mura. Da ita ƙauyuka suka san shi har yau. Ni ma na yi maka ƙorafi cewa yanzu sai dai in ga mutum a tsakar gida ban ɗora ruwa ba. Ka ce, "Ke dai amaryata, a littafinki ne miji ke zuwa da kiɗa. Na gaske in ya shigo da ƙafarsa ki gode Allah."

Ciwon kai ya tafi bai dawo ba. Inna ta ce rubutu ne ya ci, ka ce ƙwarai kuwa.

Ranar da ka gama gyaran ce ka ba ni karan dawan nan. Ka ce direba ba ya jin ciwon motarsa, don kullum yana cikinta, kuma kullum yana sauri. Ka ce kowace safiya, in ya tayar da inji, in fito da audugata in zagaya mahaɗar. "In ta kwanta, ki yi mai addu'a ya tahi. In ta yi tsalle, motar ba ta fita, ko Gwamna ke jiran ta." Ka faɗi haka a gabansa da gaban Inna, don kada wata rana a ce ni na ƙago. Tun daga ranar ban fasa ba. Maƙwabta sun yi dariya har sun gaji.

A ranin da ya wuce, da ka fara jin jikinka, ka sa maigidana ya kwance gaskit ɗin ya canza da hannunsa, kana zaune a tabarma kana zaginsa. Ka ce hannunsa kamar na mai sussuka, ka ce da wannan hannun aka sace maka mata. Sai da ya yi aikin ya kwance ya sake kafin ka yarda. Zuwanmu na ƙarshe Gangara mun same ka a jingine, numfashi yana yi maka wuya. Ka karɓi ƴata da ke goye a bayana, wadda kake kira sabuwar amaryarka, ka ce wannan ba za ka bari a sace ba. Da za mu tafi ka sa Iya Tani ta ɗauko wani ƙunshi. Gaskit ne guda biyu sababbi, ka yanka su tun kafin ka kwanta. Ka ce, "Kada su ƙare bai koyi yanka nashi ba."

Tsoho, saura in gaya maka abin da ya faru ranar sadakar bakwai ɗinka, domin mun yi latti, kuma an yi magana a kai.

Mun shirya tun da sassafe. Dangi na Gazawa suka cika bayan mota, da ƙwaryar gumba da masa, aka ɗaure tampol saboda ruwa ake yi tun asuba. Inna tana gaba, ni da goyona za mu zauna kusa da ita. Maigidana ya tayar da inji. Ban ji tari ba, sai wani ɗan tsit-tsit da ruwan sama ya kusa rufewa. Na ɗauko karana kamar kullum, na rufe audugar da faifai don kada ta jiƙe, na kai ta mahaɗar. Ta yi tsalle. Na janye na sake kaiwa. Ta sake yi.

Na ce masa a hankali, "Ta motsa."

Ya leƙa ya gani. Ya ce, "Ke, yau bakwai ɗin Baba. Ɗan kaɗan ne. Mu tahi, in mun dawo na kwance ta."

Na ce, "Ta tsamiya za mu bi, kuma ana ruwa."

"Zan buɗe gilashi."

"Cikin ruwan nan, da ciwon ƙirjin Inna? Da yarinyar nan?"

Ban taɓa mayar masa da magana a gaban mutane ba sai ranar. Wata gwaggona ta ɗaga tampol daga baya ta ce, "Yau ga sabon salo! Mace ta hana mota tashi da tsinken kara? Kakanki ne fa ake wa addu'a, ɗiyar nan. Karatun littafin nan ya taɓa miki kai." Wasu suka ce a tafi, rana tana yi. Na tsaya riƙe da kara. Na san in ya ce in shiga, shiga zan yi.

Sai ƙofar gaba ta buɗe. Inna ta sauko cikin ruwa, ta gyara lulluɓinta, ta ce wa ɗanta, "Sau ɗaya aka kawo mini kai a kwance, ya ishe ni. Kashe ta." Ta juya ta ce wa na baya, "Mai sauri ga hanya nan, Gangara ba ta gudu."

Wasu suka sauka suka kama hanya da ƙafa, da ƙwaryar sadaka a ka. Muka tura motar ƙarƙashin rumfar zaure. Maigidana ya jiƙa notoci da kananzir ya zauna yana kallonsu, ƙafarsa tana kaɗawa, amma bai taɓa su ba sai da suka sha. Ya kwance a hankali. Maratayin salansa ne ya tsinke a wani kwazazzabo, bututun ya ja gaskit ɗin ya tsaga shi. Ya gyara maratayin, ya kankare, ya sa ɗaya daga cikin naka, ya ɗaure daga tsakiya yana fita gefe. Ban ji ya yi magana ba duk tsawon aikin, sai sau ɗaya da sifana ta kuɓuce masa, ya ce wa kansa, "Hannun sussuka." Sannan ya juya mini baya na ɗan lokaci.

Da aka tayar, audugar ta kwanta.

Mun isa Gangara bayan Azahar. An shafa fatiha tun da hantsi, malamai sun tashi, ana naɗe tabarmi. Babban ɗanka Sale ya tarye mu a ƙofar gida, fuska ba walwala, ya ce, "Sai yanzu? Masu ƙafa sun riga masu mota." Muka shiga ɗakin Iya Tani, tana zaune cikin takaba. Muka gaishe ta, Inna ta gaya mata dalili a taƙaice. Iya Tani ta dubi hannayen maigidana, baƙi ƙirin har cikin farce, ta ce, "Tsohon gaskit ɗin fa? Ina ka kai shi?"

Ya sa hannu a aljihu ya fito da shi. Guda biyu ne, ya raba shi da almakashi.

Ta karɓa ta juya su a tafin hannunta. Sai ta yi dariya, wadda ƴaƴanta suka ce ita ce ta farko tun ranar Talata, dariyar ta ƙare da hawaye. Ta ce, "Ku bar su, Sale. Da sun zo da hantsi da shi ne zai fara korar su." Ta sa aka ɗauko kwandonka da aka kawo daga rumfa, ta jefa su a ciki tare da sauran.

Allah ya jiƙanka, Tsoho. Allah ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya yalwata maka kabarinka, ya sanyaya shi, ya haskaka shi. Wutar maƙera da ka zauna a gabanta tun ƙuruciya, Allah ya sa ita ce iyakar zafin da za ka gani. Duk wanda ya shiga motar da ka taɓa ya sauka lafiya, da duk hauyar da ka gyara ta noma wa marayu abinci, Allah ya sa a mizaninka. Allah ya sa Aljanna ce makomarka, ya haɗa ka da Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Iya Tani, Allah ya ba ta haƙuri da ikon fita takaba lafiya. Ina yi wa Kawu Sale da Gwaggo Hadiza da sauran ƴaƴa da jikoki, da dangin maƙera na Tibiri, da mutanen Gangara, da direbobin tashar Gazawa da na Katsina waɗanda har yanzu suke rage gudu in sun zo daidai rumfarka. Allah ya ba mu haƙurin rashinka baki ɗaya, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Gaskit ɗaya ya rage a cikin ƙunshinka. Jiya maigidana ya sayo fallen jan ƙarfe a Maraɗi, ya ɓata guda biyu, na uku ya fara kama. Karan yana nan a bayan ƙofa, na canza masa auduga.

Jikarka,
Kyauta, Gazawa